Ƙahon Rago a Kan Jan Biri

Duk shekara sai an turo mana sababbin ɗalibai su koyi aiki, kuma duk shekara sai an sami wanda zai tsaya a bayana yana kallon yadda nake juya hannun injin yanka, can ya raɗa wa na kusa da shi cewa ai wannan murza taliya ne. Ina ji, kunnena bai mutu ba tukuna. Ba na tanka masa, sai dai in tashi in ba shi kujerar. Kafin azahar zai zo mini da abin da ya yanko, wani ya yage, wani ya naɗe, wani ya manne masa a yatsa, ga gumi har cikin ido. Sunana Modu, ku kuma Ba Modu kuke ce mini, wato Baba Modu, kuma tun kafin a haifi yawancinku nake yanka ƙwaƙwalwar dabbobi a wannan lab ɗin namu na Maiduguri. Tunda na kusa ajiye aiki, bari in rubuta muku yadda sana'ar take, don kada wani ya ce ba a gaya masa ba.

Aikin da aka fara ba ni shi ne wasa wuƙa. Maigidana a lokacin, Mista Okeke, Ibo ne amma a Yerwa, wato nan Maiduguri, ya girma, in ransa ya ɓaci da Kanuri yake faɗa, kuma Kanurin nasa ya fi nawa kaifi. Ya miƙo mini wata wuƙar ƙarfe mai nauyi, da dutse, da fata irin ta wanzamai, ya ce in na iya wannan sai mu yi maganar inji. Na yi watanni ina gugar ƙarfe. In na ce na gama, sai ya sa bakin wuƙar a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya leƙa, ya ɗago ya ce, "Modu, wuƙa na ce ka kawo mini, ba zarto ba." Ku yanzu reza kuke zarowa daga kwali, in ta dakushe ku jefar, shi ya sa ba ku san darajar baki mai kaifi ba. Ni har yau in na ji ƙarar yankan wani daga ɗaya ɗakin, ina iya gane ko rezarsa ta gaji.

Daga wuƙa aka wuce da ni wurin kaki. Ɗanyar ƙwaƙwalwa ba ta yankuwa, taushinta kamar awara ne, kana taɓa ta da ƙarfe za ta dagule. Sai an jiƙa ta a fomalin ta yi tauri, wannan ruwan da yake sa ku hawaye kuna cewa mura ce. Daga nan a bi da ita kwalba bayan kwalba cikin sifirit har ruwan jikinta ya fita kaf, sannan a tsoma ta cikin narkakken kakin kyandir a obin, wato tandar lantarki, kakin ya ratsa ta ko'ina. In ya daskare ka sami ɗan dunƙule mai kusurwa huɗu, shi za ka ɗaure a inji ka dinga fiffige shi siriri-siriri, har ana iya ganin zanen yatsa ta cikinsa. Ka ɗauka da burushi, ka shimfiɗa a kan ruwan ɗumi ya miƙe, ka kwaso da ɗan siririn gilashin nan da muke ce wa silaid, ka shanya, ka rina.

A littafi abin da sauƙi, domin a ƙasar sanyi aka rubuta littafin. Ba wanda ya gaya wa marubutan cewa akwai garin da kaki yake yin laushi da kansa a kan tebur cikin watan Afrilu. Mu nan sai ka ɗora dunƙulen a kan ƙanƙara ya yi sanyi kafin ya yarda ya yanku, kuma ba a kunna fanka, domin iska kaɗan za ta kwashe maka aikin yini guda ta manna a bango. Mista Okeke har numfashi yake hana mutum. Na taɓa yin atishawa a gefensa, ya kore ni waje, sai da yamma ya aiko a ce in dawo.

Masu kawo mana aiki kuwa, ɗalibai ne da malamansu, kuma dukansu halinsu ɗaya: gobe suke so. Mutum zai yi wata uku yana ba ɓeraye ruwan ganye, ya zo ranar Laraba da kwalabe cike da leda, ya ce Juma'a zai gabatar. In ka ce masa fomalin ba ya jin magiya, sai ya ɗauka wulaƙanci ne. Yawancin abin da suke kawowa fararen ɓerayen lab ne, sai kuma gafiya, wadda mafarauta suke kamo mana.

Wurin da aka fi so in yanka a cikin ƙwaƙwalwa shi ne hifokamfus. Malamai sun ce a nan ake ƙulla abin da za a tuna, a nan kuma ake sanin hanya. Da shi gafiya take gane raminta, da shi kai ma kake tuna inda ka ajiye takalminka a ƙofar masallaci. An ce sunan na wani kifin teku ne mai kan doki. Mista Okeke ya ce shi ya je teku bai ga doki ba, ni kuwa ko tekun ban taɓa gani ba, don haka muka riƙe ɗaya sunan da likitocin dā suka ba wani sashensa saboda yadda yake naɗewa, wato ƙahon rago. A lab ɗin nan in ka ji an ce ƙaho, shi ake nufi.

A kan ɓera ko gafiya ƙahon ba shi da wuyar samu. Ka ɗaga ɓawon ƙwaƙwalwar ta sama, ga shi nan kwance, ya lanƙwashe kamar ayaba, ya taso daga sama ya gangara baya zuwa ƙasa. In ka yanka ka rina da rinin shunayya, kowace ƙwayar jijiya za ta fito ɗigo guda. Littafi ya raba ƙahon yanki-yanki ya sa musu lamba, mu kuma muna ce musu unguwa ta ɗaya, ta biyu, ta uku. A unguwa ta ɗaya, ƙwayoyin nan suna tsaye kafaɗa da kafaɗa cikin wani siririn layi, ba mai gaba ba mai baya. Mista Okeke, duk da Kirista ne, shi ya raɗa wa layin suna sahu. Da sahun nan ya koya mini auna aiki: in ya fito a matse, hannunka ya yi kyau. In ka ga giɓi, ƙwayoyi sun warwatse, to ko dai maganin da aka ba dabbar ya cutar da ita, ko kuma kai ka dafa naman da zafi. Shekara da shekaru wannan ƙa'idar ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Akwai kuma rini na biyu, na ruwan azurfa, wanda yake da ra'ayinsa. A cikin ƙwayoyi masu yawa sai ya zaɓi 'yan kaɗan ya baƙanta su tun daga jiki har rassa, sauran ya ƙyale su. Sai ka ga ƙwaya guda tsaye kamar bishiya, da gangar jiki, da rassa, da saiwoyi, har da 'yan ƙayoyi inda wayoyin wasu ƙwayoyin suke zuwa su haɗu da ita. Ta haka ake bin yadda saƙo yake tafiya: ya shigo ta ƙofa, ya faɗa wa wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gero, su miƙa wa unguwa ta uku, ita kuma ta miƙa wa ta ɗaya, sannan ya fita. Ranar da na fara ganin wannan bishiyar na manta da abincin rana.

Aikin da nake so in ba ku labarinsa na Falmata ne. Tana ɗaliba na fara saninta, ranar farko warin fomalin ya kusa kayar da ita, amma washegari ta riga kowa zuwa. Ta gama, aka ɗauke ta koyarwa, ta shiga neman digirin dakta. Abin da take nema shi ne ta kwatanta ƙahon gafiya da na biri, ƙwayoyinsu da yadda wayoyinsu suke haɗuwa.

"Ba Modu," ta ce mini, "magungunan da muke gwadawa a kan ɓera, mutum za a ba. To in ginin ƙahon ɓera daban ne da namu fa? Ka ga a ɓera, ƙahon dama da na hagu suna da wayoyi masu yawa a tsakaninsu, kullum suna hira. A biri an ce hirar kaɗan ce. Biri ya fi kusa da mu, dole in gani da idona."

Ɓangaren gafiya mun gama shi tuni, silaid akwati-akwati. Biri ne ya gagara. Ba a kashe biri don aikin ɗalibi, sai dai a jira wanda kwanansa ya ƙare, kuma a ciro ƙwaƙwalwar nan take kafin ta lalace. Ta yi ta jira har wa'adin karatunta ya zo ƙarshe, aka gaya mata in ba ta miƙa aikin ba kafin a rufe zangon, za a soke sunanta ta koma farko. Ana cikin haka wani likitan dabbobi ya kira ta. Mota ta buge jan birin wani mai wasa, an kawo masa, bai rayu ba, mai birin kuma ya amince. Takardun izini dama suna hannunta. Ta zo da kwalbar a rungume, ga tsohon ciki, tana tafe a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Ranar da za mu ciro ƙahon, na ɗauki hantsaki na nufi saman ƙwaƙwalwar yadda hannuna ya saba. Sai ta ce, "Dakata, Ba Modu, ba a nan yake ba." Ta juya ƙwaƙwalwar, ta nuna mini ƙasa, ta wajen da kunne yake. Can ƙahon birin yake kwance, ya miƙe daga gaba zuwa baya.

Na ce, "Ikon Allah. Gafiya tana cikin rami nata yana sama, biri yana kan itace nasa yana ƙasa."

Ta yi dariya har da riƙe baya. Ita ta ciro su da hannunta, na dama da na hagu, kowanne bai kai ɗan yatsa ba. Ranar na gane cewa mazaunin ƙahon biri daban ne, amma bai zo mini a rai ba in tambaye ta ko cikinsa ma daban ne.

Wannan kuwa ita ce shekarar dogon rashin wuta, wadda iyayenku za su ba ku labarinta. Gari ya yi watanni a duhu. Janareta ake tayar mana na ɗan lokaci, ƙanƙara ta zama sai wane da wane, burtsatse ya tsaya, ruwa sai tanka ta kawo. Muka fara da ƙahon hagu. Yana cikin obin janareta ya yi wani irin kuka, wuta ta zo da ƙarfi, ta ƙone abin da yake daidaita zafin obin ɗin. Kafin a farga naman ya soyu. Da na sa masa wuƙa sai ya dinga marmashewa kamar ƙuli-ƙuli. Falmata ta daɗe tana kallon garin da ya zuba a kan inji, sannan ta ce, "Saura ɗaya, Ba Modu." Ba a yi mako ba haihuwa ta zo mata, aka tafi da ita gidan iyayenta a Old Maiduguri wankan jego. Ƙahon dama ya zama amana a hannuna.

Na raba shi biyu, ƙaramin kashi na tsoma a ruwan azurfa, babban kuma na kaki da rinin shunayya. Shi babban kashin shi ne ƙashin bayan aikin, domin da shi za ta auna unguwannin ta nuna iyakokinsu. In babu shi, ko bishiyoyin azurfa sun fito ba za ta iya gaya wa masu jarrabawa wace bishiya ce a wace unguwa ba. Obin ya mutu, don haka na kawo murhun gawayi, na ɗora tukunyar ruwa, na sa kofin kaki a cikin ruwan, na tsoma ma'aunin zafi. Yini guda na yi a tsugune ina ƙara gawayi ina ragewa, masu wucewa suna tambayata ko shayin ya nuna. Allah ya taimaka kakin ya ratsa, dunƙule ya fito sumul.

Saura wurin ajiya mai sanyi da duhu. Na samo sabuwar randa na kai gidana a Galtimari, na binne gindinta cikin jiƙaƙƙen yashi a bayan ɗaki, na jera kwalbar azurfa da dunƙulen kaki a ciki. Kuskuren da na yi shi ne ban gaya wa matata Yagana ba. Ta yi baƙi, ta ga sabuwar randa, ta je ɗebo musu ruwan sanyi. Ina dawowa na tarar da ita tsaye da murfin a hannu.

"Malam, mene ne wannan a cikin randa?"

"Kayan aiki ne."

"Na ga kayan aiki ne. Naman wa?"

"Na biri."

Ta mayar da murfin a hankali. "Shekara nawa ina turara gidan nan kana shigo mini da warin fomalin, ban ce komai ba. Yanzu kuma kan biri ka kawo mini."

"Ba kan ba ne duka, ɗan ƙahon ne kawai."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Malam, biri ba shi da ƙaho. Ko dai zafin nan ya fara taɓa ka?"

Sai da na zaunar da ita na yi mata bayani tun daga farko. Da ta ji na Falmata ne, kuma karatun yarinyar gaba ɗaya yana cikin randar nan, sai ta karɓe aikin daga hannuna. Ita take yayyafa wa yashin ruwa safe da yamma, kuma ta hana jikoki bi ta bayan ɗakin.

Yankan na fara shi ranar Litinin. Ina idar da sallar asuba na naɗe dunƙulen a jiƙaƙƙen tsumma, na sa a kular abinci, na isa lab kafin rana ta yi ƙarfi. Hannuna bai taɓa yi mini biyayya irin ta ranar ba. Yankan yana fitowa a jere, ba yagewa ba naɗewa. Na shanya, na rina, sannan na sa ɗaya a madubi tun kafin in rufe shi da gilashin sama, kamar yadda muke yi don a ga ko ya cancanci a rufe. Na nemo unguwa ta ɗaya. Babu sahu. Inda ya kamata in ga siririn layi, sai na ga fili mai faɗi, ƙwayoyi birjik, wannan can, wancan can, kowa ya kama gabansa kamar an tashi daga kasuwa.

Na ɗauko littafin hotuna ɗaya tilo da muke da shi, na ƙwaƙwalwar ɓera, na ajiye a gefe ina kwatantawa. Ba su yi kama ba ko kaɗan. Nan take na ɗora wa murhun gawayi laifi, na ce zafi ya kumbura naman ya watsa ƙwayoyin. Amma na yi wa kaina ta'aziyya cewa wataƙila gefen ne kawai ya dahu, in na shiga ciki zan tarar da mai kyau. A shekarar nan gilashi ya yi wuya, silaid ɗin da bai yi ba ba a jefar da shi, a baho ake tarawa, ranar Juma'a da safe Ya Kaltum mai sharar lab ta wanke da sabulu a sake amfani da shi. Na kwashe na ranar duka na zuba a baho.

Washegari na shiga ciki, na tarar da abin da na bari. Haka na yi ta yi, kullum in yanka, in rina, in leƙa, in zuba a baho, har ranar Alhamis dunƙulen ya koma bai fi kaurin farce ba. Abinci ya daina shiga mini. Na so in kira Falmata tun ranar Talata, Yagana ta hana, ta ce ba a kai wa mai jego mugun labari da ɗanyen jiki. Da yammacin Alhamis na ce mata ai ɓoyewar ta isa, gara yarinyar ta sani ko za ta nemi a ƙara mata lokaci. Na kafa wayata a idon madubi na ɗauki hoton silaid guda, dabarar da a wurin ɗalibai na koya.

Da hantsin Juma'a muka je Old Maiduguri barka. Yagana ta shiga ɗaki, ni aka shimfiɗa mini tabarma a rumfa, gidan duk ya ɗauki ƙamshin turaren wuta. Falmata ta fito naɗe da lafaya, jaririn a hannun mahaifiyarta.

"Wushe, sannu da zuwa, Ba Modu. Har da kai da kanka?"

Muka gaisa, na yi wa yaro addu'a, na yi ta jan gaisuwar, na tambayi lafiyar kowa har da waɗanda ban sani ba. Ita ta katse ni.

"Yaya ƙahonmu?"

Na miƙa mata wayar, na sunkuyar da kai. "Ki yi haƙuri, 'yata. Zafi ya sake cin mu. Sahun ya watse gaba ɗaya, na bi shi har ƙarshe ban same shi ba."

Ta sa yatsu biyu ta buɗa hoton. Ta matsa da shi gefe, ta sake buɗawa. Ni dai ina jiran kuka. Can sai na ji wani ɗan sauti, na ɗago, ashe dariya take ƙoƙarin dannewa, hannu ɗaya dafe da ciki.

"Ba Modu, wa ya ce maka biri yana sahu?"

Na matso na leƙa wayar.

"Sahu na ɓera ne da gafiya. A biri unguwa ta ɗaya haka take, faɗi gare ta, ƙwayoyin a baje. A mutum ma ta fi haka faɗi. Wannan faɗin ai shi nake ta jiran in auna. Dubi nan, kowace ƙwaya a cike take, ga ɗigonta a tsakiya, babu wadda ta motse. Naman da ya dahu ba ya fita haka. Wallahi ban taɓa ganin aiki mai tsabtar wannan ba." Ta ɗago fuska tana murmushi. "Laifina ne da ban nuna maka hoto ba kafin in tafi. Da yawa ka samu?"

Daɗi ya fara hawo mini, bai kai maƙogwaro ba na tuna ranar da muke ciki, Juma'a.

"Da yawa," na ce.

"Suna ina?"

"Suna baho."

"Wane baho?"

"Na Ya Kaltum."

Falmata ta san lab ɗin nan kamar ɗakinta, ta san ranar wanki, ta kuma san silaid ɗin da ba a rufe ba ruwan sabulu sau ɗaya zai shafe shi ya bar gilashi fari. Murmushin ya ɗauke. Ta karɓi wayar mahaifiyarta ta kira Ya Kaltum, aka ce a kashe take, wanda ba abin mamaki ba ne a garin da ba wurin caji. Yagana, da ta ji komai daga bakin ƙofa, ta ce, "Malam, me kake zaune kana yi?"

Rabona da gudu tun ina saurayi, amma ranar na yi shi har bakin titi. Na tare keke, na ce wa direban ya manta da sauran fasinja. Ya dube ni ta madubi ya ce, "Baba, asibiti za mu?" Na ce ya dai ja. An fara shimfiɗa tabarmi a gaban masallatai, wasu hanyoyin an tare, muka dinga kewaye ta lunguna. Ya Kaltum mace ce mai kama aiki da wuri, a ranar da aka saba kafin hantsi ta gama wanki ta jera gilasai a rana. Tsoro ya cika ni, irin wanda ban ji ba ko ranar da obin ya ƙone, domin wancan janareta ne ya yi, wannan kuwa ni na ɗauki karatun yarinyar da hannuna na kai wanki.

Na shigo harabar ina haki. Ga Ya Kaltum zaune a baranda, baho a gabanta, sabulu da soso a gefe, tana fifita da kwali. Tana ganina ta miƙe.

"Ba Modu, ka yi haƙuri, ban wanke maka ba. Tun safe nake zaune, tanka ba ta zo ba, burtsatse kuma ka san halin da ake ciki. Amma na aika a kira mai moya ya kawo ruwa, yanzu zai iso."

Na leƙa bahon. Suna nan a jibge yadda na zuba su, a bushe ƙayau, kowanne da ɗan tabonsa na shunayya. Na zauna a ƙasa dirshan. Ban gama mayar da numfashi ba sai ga mai ruwan ya turo kurarsa ta ƙofa, jarkoki suna ƙara, Ya Kaltum tana ɗaga masa hannu. Na rungume bahon na miƙe.

"Ina kuma za ka da shi? Ga ruwan ya zo."

"Ya Kaltum, Allah ya yi wa direban tankar nan albarka, duk inda ya tsaya."

Ta bi ni da kallo, na ji tana ce wa mai ruwan zafin bana ba ƙarami ba ne.

A ciki na jera su a kan tebur ɗaya bayan ɗaya, ina hure musu ƙura. 'Yan kaɗan sun karce a gefe, sauran lafiya lau. Na ɗauki na ranar Litinin, wanda ya fara ruɗa ni, na mayar da shi madubi. Shi ne dai, ko ɗigo bai canza ba. Amma yanzu da na daina neman gafiya a cikinsa, sai na ga ƙwayoyin a cike, kowace da filinta, iyakar unguwa ta ɗaya da ta uku a fili kamar an ja da alƙalami. Aiki mafi kyau da hannuna ya taɓa yi ke nan, kuma kwana huɗu ina zubar da shi.

Na kira lambar mahaifiyar Falmata. Bugu ɗaya Falmata ta ɗauka.

"Suna nan, 'yata. Ruwa bai zo ba."

Ina jin kukan jaririn a bayanta. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Ba Modu, don Allah ka rufe su yau."

Ina dawowa daga masallaci na zauna, ban tashi ba sai da na rufe na ƙarshe. Ta miƙa aikinta kafin a rufe zangon. Ita ce Dakta Falmata da take koya muku ƙwaƙwalwa yanzu, kuma silaid ɗin birin da take sa ku zana a aji, daga bahon Ya Kaltum suka fito.